Ƙafa Tara Daga Ƙasa

Auta ta ƙwanƙwasa katakon da bayan almakashinta, ta kasa kunne, ta sake ƙwanƙwasawa.

"Ɗanye ne," in ji ta.

Mai katako bai ko dube ta ba. Ya juya wajen Baba Kafinta, wanda ke tsaye a gefe yana kaɗe garin katako daga gemunsa.

"Baba, kai ka san aiki. Wata shida ke nan wannan yana rumfa."

"Da ni za ka yi magana," Auta ta ce. "Ni zan zauna a kansa, ni da uwata. Wanda ka aiko mana ranar Litinin, kwana biyu ya yi a rana ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Wannan kuma dubi ƙullin da ke tsakiyarsa. Nan zai fara karyewa."

Baba Kafinta ya ɗaga kafaɗa. Abokin mahaifinta ne, ya haura saba'in, kuma tun ranar da ya karɓi aikin nan ya gane cewa yin shiru ya fi masa sauƙi.

Ba ta jira izini ba. Ta kutsa cikin rumfar, tana tsallake tarin falankai da gutsattsarin itace, ƙarar injin yanka tana cika mata kunne. Can ƙurya ta ɗaga wani tsohon tamfol. Ga su nan guda biyu a kwance, baƙaƙe, miƙaƙƙu, kowanne ƙafa goma sha shida. Ta buga musu almakashi, suka amsa da ƙara siririya kamar ƙarfe.

"Waɗannan," ta ce.

"Wani mai gini na ajiye wa."

"Ƙurar da ke kansu ta shekara biyu ce. In ya tuna da su ka turo shi wurina."

Masu lodi suka kwashe da dariya. Mai katako ya sosa ƙeya, ya ce a ɗora su. Da suna ɗaurewa a bayan mota sai ya matso, a karon farko ya dube ta ido da ido.

"Wai da gaske ne abin da ake faɗa? Ɗaki a kan bishiya?"

"Ɗaki da baranda."

"To, Allah ya ba da fiffike."

"Amin. In na tashi zan biyo ta kan rumfarka, sai ka rufe kai."

A hanyar komawa ta zauna gaba tsakanin direba da Baba Kafinta, takardar zanen ɗakin a naɗe a cinyarta. Shekarunta arba'in da shida, amma har yau Auta ake ce mata, domin ita ce ƙarama a ɗakinsu kuma babu wanda ya ga dalilin canzawa. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan mahaifinta da kekunan ɗinkinta uku, tana riƙe da Inna. Gidan yana gangare, inda unguwar ta sauka zuwa rafi. Da can ruwa yakan leƙo tsakar gida ya koma. Tun da aka cike fadamar da ke sama aka jera shaguna, sai ya fara shigowa kamar shi ne mai gidan.

Shekarar farko ya ci kekuna biyu, da kayan makaranta na yara ɗari da ashirin da ta gama ɗinkawa ta goge ta ninke. Bara kuwa da hantsi ya zo, babu sallama. Ta ɗora Inna a kan teburin yanka, ita ta tsaya cikin ruwa har ƙirji tana riƙe da teburin kada ya kife, har rana ta karkata. Sati uku Inna ta yi a asibiti da ciwon huhu.

Magini ya zo ya duba, ya ce harsashin gidan ba zai ɗauki bene ba. Yayanta, ma'aikacin banki da ke zaune a kan tudu, ya ce su tattara su koma ɗakin baya na gidansa. Ta je ta ga ɗakin. Taga ɗaya, jikin janareta, kuma an gaya mata cikin ladabi cewa ƙarar keken ɗinki tana damun mutanen gida, sai dai ta huta da sana'a. Ta yi godiya ta dawo. Ran nan tana kwashe laka daga tsakar gida ta ɗaga kai ta ga kajinta biyu a reshen madaci, ko gashinsu bai jiƙe ba. Madacin biyu ne, mahaifinta ya dasa su tun kafin a haife ta, kowanne mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Ta daɗe tana kallonsu. Da yamma ta shimfiɗa takardar yankan riga, ta ɗauki allin ɗinki ta fara ja.

Da Baba Kafinta ya ga zanen, dariya ya yi har da tari. Sannan ya karɓi allin.

"'Yata, bishiya ba bango ba ce. Tana motsi, tana ƙiba. Iska ta taso, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma. In kika ɗaure katako gam a duka biyun, su za su yaga miki shi."

Shi ya kawo dabarar. A madacin farko a huda, a zura ƙarfe mai kauri, a ɗaure katakon da noti. A na biyu kuma mai walda ya ƙera wata kujerar ƙarfe mai dogon tsagi, katakon ya zauna a ciki yana zamewa gaba da baya. A kafa ginshiƙan ƙarfe huɗu cikin kankare su raba nauyin da bishiyoyin. Daɓen kuma kada ya taɓa jikin itacen, a bar inci uku a zagaye.

"Kamar rarar da nake bari a wandon yaro," ta ce.

"To ashe kin san kafinta."

Tsayin kuwa ita ta yanke. Alamar ruwan bara tana nan a bango, ƙafa huɗu da rabi. Ta ninka, ta ce tara.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida, matan maƙwabta sun riga sun jeru a bakin katanga. Wata guda ke nan suna kallon abin da suka sa wa suna matakalar zuwa sama. Jiran katako ya sa Baba Kafinta ya fara da ita, ta hau ta ƙare a wani ɗan dandamali tsakanin ginshiƙai biyu, gabanta babu komai sai ganye. Shi tsani ya so yi. Auta ta ƙi. Ta durƙusa da tef ɗinta ta auna iya inda Inna ke ɗaga ƙafa ba tare da ta cije leɓe ba. Inci shida. Aka yi matakai goma sha takwas, da abin dafawa hagu da dama.

"Sannu da zuwa, Tsuntsuwa!" wata ta kira daga katanga. "Yaushe za a fara ƙwai?"

"In ruwa ya zo ki taho, zan ajiye miki guda."

Inna tana zaune a inuwa kan kujerar roba, sandarta a jingine. Ta dubi katakan da ake saukewa.

"Waɗannan sun fi na ran nan fuska," ta ce.

Ma'aikatan Baba biyu, ƙarti majiya ƙarfi, suka shafe katakan da baƙin mai saboda gara. Aka jefa igiya kan babban reshe, aka ɗaure na farko a tsakiya. Baba yana kan tsani yana ba da umarni, ƙartin suna ja, Auta tana riƙe da igiyar gefe don kada ya juya ya daki bango. Ya tashi a hankali, yana lilo, ya zauna a mazauninsa. Baba ya ɗora masa ma'aunin ruwa, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Ko gilashi." Suka huta, suka sha ruwa. Tafin hannunta ya riga ya yi ja.

Na biyun yana sama, ya wuce kan mutum, sai aka turo ƙofar gida. Yayanta ne, cikin fararen kayan ofis, bayansa wani siririn mutum mai fayil a hamata da gwangwanin fenti a hannu.

"A dakata!" siririn ya ce. "Daga ofishin tsara gine-gine nake. A tsayar da aikin nan yanzu."

Baba Kafinta ya leƙo daga kan tsani.

"Ranka ya daɗe, ya fi buhun siminti uku nauyi, kuma a ƙarƙashinsa kake tsaye. Mu sake shi ne, ko mu ƙarasa?"

Jami'in ya ɗaga kai, ya ja da baya taku uku.

"Ku ja!" Auta ta ce.

Suka ja. Iska ta kaɗa, katakon ya juya kansa wajen taga. Ta naɗe igiyar a hannu, ta kafa duga-duganta a ƙasa ta kwanta baya da dukan nauyinta. Igiyar ta ci fatarta, ba ta saki ba. Baba ya miƙa hannu ya kamo bakinsa, ya tura, ya tura, sai ga shi ya faɗa cikin kujerar ƙarfen da wata ƙara mai nauyi. Busassun ganye suka zubo kan farar rigar yayanta.

Ta saki igiyar, ta goge hannu a zani, ta zo ta rusuna.

"Yaya, sannu da zuwa. Ka kawo mana baƙo ba ka faɗa ba."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Auta. Na yi miki magana sau nawa? Na turo miki kawu, kin ba shi shayi kin sallame shi. To ga hukuma."

"Kai ka kai ƙarata?"

"Ni na kai."

Matan katanga suka dubi juna.

Jami'in ya gyara murya ya buɗe fayil. "Hajiya, kina da takardar izinin wannan ginin?"

"Sau huɗu na zo ofishinku. Sashen gini suka ce abin da ke kan bishiya na sashen itatuwa ne. Sashen itatuwa suka ce su na sarewa suka sani, ba na zama ba. Na koma gini, suka ba ni takarda in cike, tana tambayar zurfin harsashi. Na ce sai dai a tambayi babana da ya dasa, shi kuma ya rasu. Zuwa na huɗu aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Kai ne mai sa hannun?"

"A'a."

"To kai ne mai me?"

Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa. Bakinsa ya so ya motsa, ya danne.

"Doka dai ta ce babu gini sai da izini."

"Shagunan da aka jera a kan hanyar ruwa, suka juyo mana shi cikin ɗaki, suna da izini?"

"Suna da shi."

"Madalla. Ruwan ma ashe da takardarsa yake shigowa."

"Ya isa!" yayanta ya daka tsawa. "Kin mai da gidan ubanmu abin dariya. A wurin aiki ana tambayata ko ƙanwata lafiyarta ƙalau. Ki ɗora tsohuwa mai shekara tamanin a kan reshe? In iska ta kada shi fa? In ƙarfen nan ya tsinke? Ga ɗaki na ba ku, me na rage ku da shi?"

"Ɗakin da zan zauna in naɗe hannu ina jiran a miƙo mini sabulu? Shekara ashirin da biyar ina ɗinki, Yaya. Masu kawo mini aiki a nan suke. Da allurar nan na kai 'yata makarantar jinya, ban zo ƙofarka ba. Ran da ruwa ya zo ni na tsaya a ciki wuni guda."

"Ni kuma na goya ta na fitar da ita!" Muryarsa ta karye. "Kin manta? Na ajiye mota a tudu na shigo da ƙafa, ruwa har wuya a hanya. A bayana na ji haƙoranta suna haɗuwa. Na zaci a bayana za ta cika. Ba zan sake ganin wannan ba, Auta. Ko za ki tsane ni."

Ba ta manta ba. Ta dubi tafin hannunta inda jini ya ɗan tsattsafo.

"Ni ma shi nake gudu," ta ce a hankali. "Shi ya sa na ce tara."

Sai suka ji ƙwas. Sannan wani ƙwas.

Kujerar roba babu kowa. Inna tana kan mataki na uku, sanda a hannun dama, hagu a kan abin dafawa.

"Inna!" Yayan ya zabura.

"Tsaya inda kake, Babba," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Kada wanda ya taɓa ni."

Babu wanda ya taɓa ta. Takan ɗora sanda, ta ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta numfasa. Auta tana ƙirgawa a zuci. A na goma Inna ta tsaya ta gyara mayafi. A na goma sha biyar ɗaya daga cikin ƙartin ya matsa ƙarƙashin matakalar ya buɗe hannuwa, Baba ya harare shi, domin zagi ne ga aikinsa. Ta kai dandamalin, ta juya a hankali, ta zauna a matakin ƙarshe ta miƙe ƙafafu.

Ta daɗe tana kallon nesa.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekara sittin ina gidan nan, ban san ana hango gada daga nan ba." Ta sunkuyo. "Babba, gashin tsakiyar kanka ya tafi. Ba ka gaya mini ba."

Wata a katanga ta fashe da dariya ta toshe baki.

"Inna, don Allah ki sauko."

"Kun yi ta magana a kaina kamar buhun da ake neman inda za a jingine. Kai ka ce ɗakin baya, ita ta ce sama. Wa ya tambaye ni? To na zo na gani da idona. Nan akwai iska." Ta nuna jami'in da sanda. "Kai, ɗan nan, rushewa za ka yi?"

"Ba yau ba, Inna. Alama kawai zan sa."

"To in ranar ta zo ku jira in sauko tukuna. Gwiwata ba ta son gaggawa. Sai bayan damina."

Jami'in ya buɗe gwangwanin da makullin babur. Jan fenti ne, mai kauri. Ya tsoma buroshi, ya tsaya yana waige-waige. Babu bango. Ya nufi madacin.

"Wannan ba gini ba ne," in ji Baba Kafinta. "Ya girme ka."

Ya nufi ginshiƙi, ya ga faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Daga ƙarshe ya durƙusa a gefen matakalar, ya ja layi biyu masu gilma juna a kan katakon gefenta, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Fentin ya ɗan zuba. Ya yago takarda ya miƙa wa Auta.

"Ki bayyana a ofis cikin kwana ashirin da ɗaya." Ya rage murya. "Ki zo da zanen. Ki nemi injiniya ya duba ƙarfen ya sa hannu. Ban ce zai wuce ba."

"Zan zo. Na san hanya."

Ya ɗauki gwangwaninsa ya fita. Yayan bai bi shi ba. Ya tako har ƙarƙashin katakon, ya ɗaga kai yana kallon kujerar ƙarfen. Ya kama ginshiƙi da hannu biyu ya girgiza da ƙarfinsa. Ko gezau. Baƙin mai ya ɗiso masa a kafaɗa, bai lura ba.

"Me ya sa wannan gefen ba a ɗaure ba?"

Baba ya yi masa bayanin iska da tsagi. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo wajen ƙanwarsa.

"Ban yarda ba. Ki sani."

"Na sani, Yaya."

"Ba kuma zan janye ƙarar ba."

"Ban roƙe ka ba."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bayansa gare su.

"Shingen barandar ya kai mata ƙirji. Kada ku yi shi iya ƙugu."

Ya fita, ƙofar ta rufu. Matan katanga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Auta ta ninke takardar huɗu ta soke a ƙugu. Gabas ta fara haɗa gajimare, irin farin nan da ba ya zubar da komai, sai dai ya tuna wa mutum cewa kwanaki sun ƙure. Saura katakan daɓe ashirin da huɗu, da bango, da kwano. Ta tsuguna gaban alamar, ta taɓa da ɗan yatsa. Bai bushe ba. Ta murza shi tsakanin yatsu kamar mai duba yadi.

"Baba, fentin nan mai kyau ne. Ruwa ba zai ci shi ba."

"Na hukuma ne ai."

"Galan nawa zai ishi ɗakin duka, ciki har da baranda?"

Ya dube ta, ya dubi alamar, ya shafa gemu.

"Huɗu. Biyar in za a yi shafi biyu."

"Gobe a sayo biyar. Irin wannan jan, kada ya bambanta."

"Har matakalar?"

"Daga ita za a fara," ta ce. Ta miƙe, ta kama bakin katakon daɓe na farko, ta jira wani ya kama ɗaya bakin.